CIWON ƘUGU DA GAƁOƁI GA MAI JUNA BIYU: INDA TAUSA KE AMFANI DA INDA TAKE CUTARWA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

  

Tun da damina ta kankama, tambaya ɗaya ke ta maimaita kanta, daga nan cikin garin Haɗeja har Auyo, Guri, Malam Madori da Kiri Kasamma: "Malam, iyalina na da ciki wata bakwai, ƙugunta ya riƙe, ko juyi a kan gado sai da hawaye. Wane mai za a shafa mata?" To, yau zan amsa gaba ɗaya. Amma kafin maganar mai, ku saurari wani abu da ya faru da ni.

Sama da shekara 30 da suka wuce, wani bawan Allah ya zo mini daga wani ƙauye na bakin kogi. Ya ce matarsa cikin fari ne, wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, gaɓoɓinta na ciwo, ga ɗan ciwon kai. Na ɗauko man zaitun na ba shi, na ce a riƙa yi mata tausa safe da yamma. Ban tambayi ko fuskarta ta kumbura ba, ban tambayi ko an taɓa auna jininta ba. Bayan kwana huɗu jijjiga ta kama ta, ga ruwa ya yanke hanya, sai a kwale-kwale aka tsallako da ita. Allah Ya yi da sauran kwananta ta rayu, amma ɗan bai zo da rai ba. Ƙaddara ce, na yi imani da haka, amma sakacina ma yana ciki. Tun daga ranar ban ƙara ba mai ciki magani ba sai na yi tambaya. Shi ya sa nake roƙon ku, ku karanta wannan saƙo har ƙarshe.

*ME KE KAWO CIWON?*

Da yawa daga cikinmu, da an ji mai ciki na kukan ƙugu sai a ce sanyi ne, wasu su ce iska ce, wasu ma su ce an yi mata hannu. Sai a kama ɗura mata jiƙe-jiƙe. Alhali mafi yawan lokaci ba ko ɗaya. Hikima ce ta Ubangiji.

Ƙashin ƙugu ba dunƙule yake ba. Ƙasusuwa ne da aka haɗa a wuri uku: mahaɗa ɗaya a gaba, daidai ƙasan mara, biyu kuma a baya, dama da hagu na kwankwaso. Jijiyoyi masu tauri ne suka ɗaure su, kamar yadda igiya ke ɗaure itatuwan rumfa. Ta tsakiyar wannan zobe jariri zai bi ya fito duniya.

Da zarar ciki ya shiga, jikin mace zai fara ƙara fitar da wasu sinadarai da likitoci ke kira homon, wato 'yan aike da ke bin jini suna kai umarni ga sassan jiki. Akwai firojestaron da istirojin, sai kuma wani mai suna rilaksin, ma'anarsa mai sassautawa. Wani masani ɗan Amurka, Frederick Hisaw, shi ya gano rilaksin a 1926, da ya lura jijiyar gaban ƙugun wasu ƙananan dabbobi na sakin jiki lokacin da suke da ciki. Aikin waɗannan sinadarai shi ne su sassauta igiyar nan, kamar fatar da majemi ya jiƙa. Mahaɗar gaba, wadda tazararta ba ta wuce milimita 4 zuwa 5, takan ƙaru da milimita 2 zuwa 3, kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Kaɗan ne a ido, amma mai jiki ta san da shi.

Sai dai ku lura, rilaksin ya fi yawa a watanni ukun farko, ciwon kuma ya fi tsananta daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Kenan ba sinadarin kaɗai ba ne. Nauyi ne ya zo ya hau kan igiyar da ta riga ta yi laushi. Mai ciki kan ƙaru da kilo 10 zuwa 12 ko fiye, ciki ya turo gaba, baya ya lanƙwashe, tsokar baya da ta ɗuwawu su kama aikin da jijiya ta sassauta. Su wuni a ɗaure, su kwana a ɗaure. Wannan shi ne riƙewar da take ji. Ruwa ma kan taru a jiki ya matse jijiyar wuyan hannu, shi ya sa wata za ta farka da asuba yatsunta sun yi sanyi ko suna tsira-tsira.

Fiye da rabin masu ciki na samun ciwon baya, kuma wajen mace ɗaya cikin biyar na fama da ciwon mahaɗar ƙugu. Don haka 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba raki ba ne. Allah Madaukakin Sarki da kanSa Ya ambaci wahalar ɗaukar ciki a Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15. Abin da Mahalicci Ya shaida, wa ya isa ya ce son jiki ne?

A nan ƙasarmu ta fadama kuma aiki na ƙara wa abin gishiri. Ga daka da surfe, ga turara shinkafa a ɗaga tukunya a sauke, ga bandar kifi a tsugune, ga ɗebo ruwa, ga shara da guntuwar tsintsiya, ga goyo a baya ciki a gaba, ga hawa mashin a hanyar da ruwa ya cinye.

*ME TAUSA KE YI?*

Mu faɗi gaskiya don Allah: tausa ba ta cire sinadarin nan, ba ta mayar da jijiya ta yi tauri, ba ta "mayar da ƙashi wurinsa". Duk wanda ya ce muku yana da man da zai yi haka, neman kuɗinku yake. Abin da tausa ke yi shi ne ta saki tsokar da ta gaji, ta rage zogi, ta kwantar da hankali, barci ya samu. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta yi mako ba ta runtsa ba.

Malaman ɗibbu na Musulunci sun san darajarta tun da daɗewa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin tausa a littafinsa Al-Ƙanun, ya rarrabe tsakanin mai ƙarfi da mai taushi, kowace da aikinta. Mai ciki tata ita ce mai taushi. A wannan zamani ma, a 1999 wata mai bincike, Tiffany Field, ta Jami'ar Miami a Amurka, ta sa aka riƙa yi wa wasu masu ciki tausar minti 20, sau biyu a mako, har mako biyar. Matan suka ba da labarin raguwar ciwon baya da damuwa, da samun barci mai daɗi.

*WA ZAI YI?*

Miji shi ya fi cancanta. In ba shi ba, mace 'yar'uwarta: mahaifiyarta, yayarta, ko ungozoma mai hankali. Namijin da ba miji ba kada ya taɓa jikinta da sunan tausa, ko malami ne, ko mai magani ne irina. Mu namu bayani ne, hannu na gida ne.

Kai maigida, kada girman kai ya hana ka. Ba zubar da girma ba ne. Ɗanka ne fa ta ɗauka. Minti 15 bayan sallar isha'i ba zai rage ka da komai ba, kuma in ka kyautata niyya lada ne.

*YADDA AKE YI*

1. Ta kwanta a gefe, musamman hagu, filo ɗaya a tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya a kai. Ko ta zauna a kujera ta jingina gaba a kan filo. Kada ta yi rub da ciki. Daga wata biyar kuma kada ta daɗe a rigingine, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri ya kama ta.

2. A samu mai mai sauƙi: man zaitun, man kaɗe, man kwakwa ko man riɗi. A fara shafa ɗan kaɗan a hannunta a bari ya kwana, a ga ko fata za ta yi ƙaiƙayi. A ɗumama shi a tafin hannu kawai, ba a wuta ba.

3. A yi Bismillah. A fara da kafaɗu da wuya, da buɗaɗɗen tafi, ana shafawa a hankali.

4. A gangaro gefe biyu na ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba, har zuwa kwankwaso. A nan a riƙa zagayawa da tafin hannu.

5. Sai tsokar ɗuwawu da gefen cinya. Nan ne gajiyar ta fi taruwa.

6. Ƙafa shafa ce kawai, ba matsa ba, daga idon sawu zuwa sama.

7. Hannu da yatsu a murza su a hankali.

8. Minti 10 zuwa 20 ya isa, sau biyu ko uku a mako. In an gama ta ɗan huta, ta tashi a hankali, ta sha ruwa.

Ƙa'idar ita ce: ita ce mai iko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ta ce da zafi, a tsaya. Tausar mai ciki ba irin ta ɗan dambe ba ce da ake cewa sai ta yi zafi take aiki. A watanni ukun farko kuwa, a tsaya a kafaɗa, hannu da tafin ƙafa kawai.

*ABIN DA BA A YI, KO KUSA*

• Ba a matsa ciki. Wannan da wasu ke yi da sunan gyara kwanciyar ɗa, ko juya shi, haɗari ne babba. Yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle, a rasa uwa da ɗa. In ɗa ya kwanta ba daidai ba, aikin asibiti ne.

• Ba a sa yaro ya taka mata baya.

• Ba a kai ta wurin mai ɗori ya ja ko ya ƙwanƙwasa ƙugu. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Igiyar da ta riga ta saki, in ka ja ta ɓarna ka ƙara.

• Ba a yin ƙaho a ciki ko a kwankwaso.

• Ba a gasa jiki da ruwa mai tsananin zafi. Ɗumi kaɗan a tsumma ya wadatar.

• Ba a sha jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba da sunan maganin sanyi. A guji tazargade, filasko da duk abin da ke sa gudawa. Hulba da habbatus sauda, duk da albarkar da ke cikinsu, kada mai ciki ta ɗauke su a matsayin maganin sha cokali-cokali. A rage kanwa da gishiri.

• Ba a sayen ƙwayar ciwon jiki a kemis haka kawai. Irin su ibuprofen da diclofenac na iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake ciki, musamman daga mako na 20. Farasitamol ne aka fi ba masu ciki, shi ma bisa adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Man zafi ma a tambaya kafin a shafa.

Garin neman gira kada a rasa ido.

*ALAMOMIN DA BA NA TAUSA BA NE, NA ASIBITI NE*

Wannan shi ne sashen da na fi so ku haddace.

1. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta dama. Alamun hawan jinin masu ciki ke nan, wanda ke kai wa ga jijjiga. Jinin da ya kai 140 bisa 90 ba abin wasa ba ne. Shi ne abin da ya sami matar da na ba ku labari.

2. Ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Jinin mai ciki ya fi na sauran mata saurin daskarewa, kusan ninki huɗu zuwa biyar. In aka matsa wurin, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. Wallahi kada a taɓa, a tafi asibiti. In numfashi ya fara wuya ko ƙirji na ciwo, a yi gaggawa.

3. Ciwon gaɓoɓi tare da zazzaɓi ko rawar ɗari. Mu da muke zaune bakin kogi, ga gonakin shinkafa ga kududdufai, mun san sauro. Maleriya ga mai ciki na shanye jini, tana hana ɗa girma. Gwaji ake yi, ba shafa mai ba.

4. Ciwon baya mai zuwa yana tafiya, ciki na ɗaurewa yana saki, alhali wata tara bai cika ba. Tana iya zama naƙuda ce ta zo da wuri.

5. Zubar jini ko ruwa, komai ƙanƙantarsa.

6. Zafin fitsari tare da ciwon gefen baya.

7. Ɗa ya rage motsi.

8. Ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita.

Mai sikila, da mai hawan jini, da wadda aka ce mabiyiyarta ta sauko ƙasa, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓari a jere, kada a fara musu tausa sai an tambayi likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau takwas, na farko cikin mako 12 na farko. A can ake auna jini da fitsari, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin maleriya. Je ki asibitin sha-ka-tafi na kusa da ke, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki Babban Asibitin Haɗeja. Ku kuma na ƙauyukan da ruwa ke yankewa, kun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa hanyoyinmu. In watan haihuwa zai faɗo a Agusta ko Satumba, a shirya tun da wuri: a tanadi abin hawa da ɗan kuɗi, in da hali ta dawo wurin 'yan'uwa a cikin gari. Rigakafi ya fi magani.

*ƊAN ABIN DA ZA KI KIYAYE KULLUM*

• In za ki juya ko ki sauka daga gado, haɗa gwiwoyinki wuri ɗaya.
• Ki zauna in za ki sa kaya ko ki wanke ƙafa a alwala. Kada ki tsaya da ƙafa ɗaya.
• Kada ki saɓa yaro a kwiɓi ɗaya. Ki raba ruwa a ƙananan bokitai.
• Ki yi wanki da girki a kan 'yar kujera, ki nemi tsintsiya mai dogon hannu.
• Ki ɗaura gyale mai faɗi a kan ƙashin ƙugu, ƙarƙashin ciki, ba a kan ciki ba. Yana tallafa wa mahaɗar in za ki yi tafiya.
• Ki riƙa ɗan tattaki a tsakar gida da hantsi. Kwanciya wuni guda na ƙara riƙe jiki.
• Ki ci abin da ke ƙarfafa ƙashi: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, wake, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Alhamdu lillahi, kifi dai Allah Ya ba Haɗeja.
• Ki kwana cikin gidan sauro.

Game da sallah kuwa, addini sauƙi ne. In tsayuwa ko sujada na yi miki tsanani, ki yi a zaune, ki yi nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u sunkuyawa. Sallarki ta yi, ladanki na nan. Haka azumi, in kin ji tsoro ga kanki ko abin da ke cikinki, ki sha, ki rama daga baya.

*KIRA GA IYAYE*

Hajiya uwar miji, Inna, Gwaggo, ku ji tsoron Allah game da yaran nan. Na san za ku ce ku a zamaninku har ranar haihuwa kuna daka. Gaskiya ne, Allah Ya saka muku. Amma ku tuna da sa'o'inku nawa ne suka tafi wurin haihuwa ba su dawo ba. Jiki ba ɗaya ba ne. Mai cikin fari kunya kan hana ta magana, don haka ku ku tambaye ta. Ku duba fuskarta da safe, ku duba ko zobe ya matse mata yatsa. Ku rage mata aiki, ku raka ta awo.

Ke kuma 'yata, kunya ado ce, amma ba a kunyar ciwo. Ki faɗa. Ki kuma kwantar da hankalinki: ga mafi yawan mata wannan ciwo na lafawa cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. In an wuce wata uku yana nan, a koma asibiti, akwai masu gashin ƙashi da motsa jiki da suka karanci aikin.

Saboda haka mai tambaya, ga amsarka: man da za ka shafa yana nan a gidanka, ba sai ka zo wurina ba. Amma kafin ka buɗe kwalbar, dubi fuskarta, dubi ƙafarta, tambayi kanta, ka kuma tambayi yaushe rabonta da awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku tura wa 'yan'uwa, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raba su da abin da ke cikinsu cikin sauƙi, Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Waɗanda suka rasu wurin haihuwa Allah Ya karɓi shahadarsu. Ni kuma Allah Ya yafe mini kurakuraina. Amin.